Shirun Ɗakin Adda

Shafi na 19

Da sunan Allah muke buɗe shafin yau, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku sarara mini haka nan, ga shi na kawo. Sabis ne ya ɗauke mana a Isa, sai da na hau tudun bayan gari kafin saƙo ya fita. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa Adda Safiyatu uwa ce marar tausayi, ki gyara zama, ki jawo gefen mayafinki kusa.

*

Sau huɗu ke nan Radiyya tana sake kunna saƙon muryar Malam Muntaka, malamin da ke duba aikinta na kammala digiri, sai ka ce idan ta yawaita ji maganar za ta canza.

"Radiyya, na kalli fim ɗinki. Hoto tsaf, haske tsaf, sauti babu abin cewa. Amma minti goma sha biyu na zauna ban gamu da mutum a ciki ba. Matar nan daga 'e' sai 'a'a' sai 'alhamdu lillahi'. Digirin ba da labari da sauti da hoto kike yi, ba digirin ɗaukar hoton ƙwarya ba. Ranar Litinin ake rufe karɓar aiki. In haka za ki kawo shi ba zan sa hannu ba, sai dai mu haɗu baɗi."

Kakarta Tani tana zaune bakin ƙofar ɗaki tana tsinkar zogale a faifai. Ta ɗago kai.

"Wai wanga mutum bai gajiya? Tun hantsi magana guda yake maimaitawa."

"Ni ka sake kunna shi, Tani."

"To ke ba ki gajiya da jin zagi?"

Radiyya ta kifa wayar a kan tabarma, ta jawo laftof ɗinta. Yau Alhamis. Shekara huɗu tana jigila tsakanin jami'a da Kamarawa a kan hanyar da kowa ke bi da addu'a a baki, ga shi kwana huɗu kacal za su mayar da ita baya shekara guda.

Kuma wallahi ita ta jawo wa kanta. Duk matan da 'yan bindiga suka koro daga Gatawa suka sake zama a Sabon Birni, mata masu baki kamar rediyo, ta rasa wadda za ta yi fim a kanta sai mahaifiyarta. Alhali ita 'yar fari ce! Tun ranar yaye Tani ta goyo ta zuwa Kamarawa, a hannunta ta girma. Uwar da ta haife ta kuwa Adda take ce mata, kamar wata yayarta. Ita kuma Addar, shekara ashirin da biyu ba ta taɓa kama sunanta ba. Daga "ke" sai "ɗiyar Inna", don Inna take ce wa Tani, in kuma da mutane a wurin, "waccan".

"Na hwaɗa miki tun ranar," in ji Tani. "Wa yat taɓa aza uwa gaban ɗiyar hwari yac ce ta yi zance? Ko alƙali bai yin haka."

"A makaranta an ce mu fara da labarin da ya fi kusa da mu."

"Makarantar taku ba su da ɗiyan hwari?"

Radiyya ta yi murmushin da bai kai ido ba. Ta ɗan jima tana kallon fuskar Adda a allon, idanun a ƙasa, hannaye a kan cinya, kamar wadda aka kama da laifi.

"Tani, ni fa na daina yarda kunya ce. Ƙanwata Zahra'u sau goma take kiran sunanta a yini. Ni ko bidiyona guda ba ta taɓa cewa ta gani ba. Na tambaye ta abin da ta ɗauko ranar da suka gudu, ta ce ba komi. Na tambaye ta abin da take kewa, ta ce ba komi. Ba ta damu da ni ba ne kawai, a daina ɓoye mini."

Tsohuwar ta kawar da kai. Ta ci gaba da tsinkar zogalenta da ƙarfi fiye da yadda zogale ke bukata.

Radiyya ta sa abin sauraro a kunne. Tunda babu magana a fim ɗin, bari ta rage tsawonsa, ko Malam zai ji tausayi. To amma duk inda aka yanke magana sai an cike gurbin da shirun wurin, in ba haka ba kunne zai ji an yi tsalle. Shi ya sa tun a aji ɗaya aka koya musu: kana gama hira, ka ce kowa ya yi tsit, ka ɗauki shirun ɗakin na minti guda, don kowane ɗaki da irin nasa shirun.

Ta buɗe fayil ɗin da ta sa wa suna "shirun ɗakin Adda".

Minti goma sha huɗu.

Ta yamutsa fuska. Sai kuma ta tuna. Ranar tana danna rikoda ta ce "Adda, kada ki yi motsi", sai ga akuyar maƙwabta ta zuro kai ta fizge littafin tambayoyinta. Ta bi ta da gudu har bayan masallaci, 'yan unguwa suna ta dariya. Da ta dawo ta kashe na'urar ba ta ko duba ba, kuma tun daga ranar minti na farko kawai take yanka.

Ta ja alamar gaba kaɗan.

Kukan kaza. Ƙarar kujera. Gyaran murya.

Sai muryar Adda, ƙasa-ƙasa, irin wadda Radiyya ba ta taɓa ji ba.

"Ta hita?... To. Bari in ba kujerarki amsa, tunda ke ban iya kallonki."

Radiyya ta daskare.

"Kin ce mi niɗ ɗauko ranar da munka gudu. Nic ce miki ba komi. Ƙarya niy yi. Mun kai bakin gari, harbi ko'ina, babanki na riƙe da hannun Zahra'u, sai nit tuna ƙoƙonki na cikin ɗaki. Nik koma. Garin ƙetare danga langa-langa yay yanke ni ga ƙahwa, nih hwaɗi bisa ƙoƙon yat tsage. Nic ce ma mutane takalmina nik koma ɗauka. Babanki wata guda yana yi min hwaɗan takalmi."

Wata 'yar dariya ta fito daga na'urar, gajeriya.

"Ɗan ƙoƙon nan mai ɗinki da nike awon nono da shi, wanda kic ce in yar in sayi na roba. Da shi kis sha kunun hwarko. Ranar da Inna taz zo ɗaukarki ta biɗe shi ko'ina, nic ce ban gane shi ba. Yana cikin zanena. An ɗauke min ke, nic ce wanga dai ba a ɗaukar shi."

Hannun Radiyya ya tafi bakinta.

"Abin da kike sawa ga waya kau, dut ina gani. Zahra'u ka nuna min. In ya ƙare sai in ce mata ban gane ba, ta sake. Na gane sarai. Muryarki nike son in ƙara ji."

Shiru ya biyo baya, dogo, har Radiyya ta zaci an gama. Sai muryar ta dawo a hankali, kamar mai taka ƙasa da ciwo.

"Radiyya."

Numfashi.

"Radiyya. Radiyyatu. Kai, sunan nan da daɗi ga baki. Ni niz zaɓe shi, nir raɗa ma babanki, shi kau yat tahi yac ce ma liman shi yaz zaɓa."

Daga nan sai ƙarar takalmi da hakin mai gudu, da muryar Radiyya kanta tana cewa, "Adda, akuyar nan ta cinye mini shafi biyu!" Sai Adda, da tsohuwar muryarta ta kullum: "Allah shi kyauta."

Jama'a, Radiyya ba kukan hawaye ta yi ba, kukan sauti ta yi, irin na yarinyar da ta ɓata a kasuwa aka gano ta. Tani ta yi wurgi da faifai, zogale ya watse.

"Innalillahi! Wa yam mutu? Ke, mutumin nan ya sake zaginki? Ba ni shi in ji!"

Radiyya ta girgiza kai. Ta zare abin sauraron ta cusa a kunnen tsohuwar, ta mayar da sautin baya.

Tani ta saurara, baki a buɗe. Da aka zo wurin ƙoƙo sai ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Ashe ita taɓ ɓoye shi! Har ƙarƙashin gado nish shiga ranar nan, da bayana mai ciwo! Safiyatu, Allah ya isa... a'a, ban ce ba, na janye."

Da aka zo wurin suna kuwa, sai ta sunkuyar da kai. Ta cire abin daga kunne, ta goge shi da bakin zanenta kamar ya yi datti, ta miƙa. Idonta ya yi ja.

Radiyya ta share fuska, ta jawo laftof ɗin da sauri.

"Tani, kin san mene ne wannan? Fim ɗin ke nan! Ina da hoton ƙoƙon, ina da hoton ƙafarta tana ɗingishi, ina da hoton hannunta. In ɗora muryar nan a kai, wallahi Malam Muntaka sai ya tashi tsaye. Yau ɗin nan za ni gama."

"Ta ba ki?"

"Mi?"

"Maganar. Ta ba ki ita?"

"Ai ta dangwala hannu a takardar izini kafin mu fara hira."

"Ta dangwala ma abin da tac ce gabanki. Wanga ma kujera tac ce shi."

"Tani, a jami'a za a nuna shi. Ina Adda ina jami'a? Har abada ba za ta sani ba."

"Ita ba ta sani. Ke fa?"

Radiyya ta ɗauke hannu daga kan laftof ɗin. Abin haushin shi ne ba ta bukatar tsohuwar ta faɗa mata. Zango guda cur suka yi ana karantar da su haƙƙin wanda aka ɗauka, har ta fi kowa maki a jarrabawar. Ashe jarrabawar gaske tana nan Kamarawa tana jiranta a kan tabarma.

"In na tambaye ta za ta ce a'a."

"Halan."

"In ta ce a'a na maimaita shekara."

"Halan." Tani ta durƙusa tana tattara zogalen. "Taya ni kwashewa, 'yar boko. Gobe da sahe mu bi motar 'yan kasuwa. Ni ma ina da shari'ar ƙoƙo da za ni yi."

*

Da hantsi suka sauka a Sabon Birni, bayan direba ya tsaya sau biyu yana tambayar masu dawowa ko hanya lafiya. Gidan da su Adda suka samu mafaka ɗaki biyu ne da 'yar rumfa. Malam Usmanu, mahaifin Radiyya, ya ƙetara Maraɗi da kaya, Zahra'u tana makaranta. Adda kaɗai suka tarar a rumfa tana girgiza nono a gora don fitar da mai, ɗan ƙoƙon mai ɗinki yana kife a bakin ƙwarya.

Ta tashi da ɗingishinta ta durƙusa wa Tani.

"Inna, sannu da hanya. Lahiya, babu aike?"

"Lahiya lau. Rakiya niy yo."

Adda ta kalli gefen rumfa, wurin da babu kowa.

"An zo lahiya?"

"Lafiya lau, Adda," in ji Radiyya.

Da can wannan kallon gefen shi ke ƙona mata rai. Yau kuwa sai ta lura da abin da ba ta taɓa lura da shi ba: tabarmar da Adda ta shimfiɗa wa Tani tsohuwa ce, sabuwar kuma ta tura ta da ƙafa wajen "waccan", kamar ba da gangan ba.

Aka sha ruwa. Radiyya ta buɗe laftof, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Tani, ki ce wa Adda na yi mata laifi."

"Ga ta nan, kunnenta biyu, dut suna aiki."

"Tani, don Allah."

"Safiyatu, ɗiyar nan ta ce ta yi miki laihi. Ni dai ban da hannu, akuya ta da hannu."

Adda ta ci gaba da girgiza gorarta. "Wane laihi?"

"Ranar da na ce ki yi shiru na fita... na'urar tana kunne. Ban sani ba sai jiya."

Gorar ta tsaya.

Radiyya ta danna. Muryar ta fito a cikin rumfar, ƙarama: "Ta hita?... To. Bari in ba kujerarki amsa."

Adda ta ajiye gorar a hankali. Ta jawo mayafinta ta rufe kai, ta rufe fuska, ta dunƙule wuri guda. Muryar tana ta zuba, danga, takalmi, zane, waya. Yatsun ƙafarta kaɗai ake gani, sun ƙanƙame ƙasa. Da dogon shirun nan ya zo, Adda ta san abin da ke bayansa.

"Kashe!"

Radiyya ta kashe.

"Wa yaj ji?" Muryar daga cikin mayafi take fitowa.

"Ni. Da Tani."

"Inna ta ji? Wayyo ni Safiyatu! Inna ta ji har ƙarshe?"

"Na ji, ɓarauniyar ƙoƙo," in ji Tani. "Shekara ashirin ina zargin ƙwaƙwalwata, ashe ke ta. Kin bar ni ina rarrahe ƙarƙashin gado."

Mayafin ya girgiza. Ko dariya ce ko kuka, Allah kaɗai ya sani, mai yiwuwa duka biyun.

"Inna, ki yi min rai. Da wane ido za ni dube ki?"

"Da wanda kid dibe ni da shi ranar da kic ce ba ki gane shi ba."

Radiyya ta matso kaɗan, ba ta kai ga taɓa ta ba.

"Adda, ba don in kunyata ki na zo ba. Malamina ya ƙi aikin. Ya ce babu magana a ciki. In ban kai wani abu ranar Litinin ba, sai baɗi za ni gama. Wannan maganar taki ita kaɗai za ta fid da ni. Amma taki ce. Na zo roƙo ne."

"Su wa za su ji?"

"Malamai. Da 'yan ajinmu."

"Su nawa?"

"Za su kai sittin. In ya yi kyau kuma... ana sa shi inda kowa zai gani."

"Har Gatawa? Har dangin babanki?"

Radiyya ta so ta ce a'a. Kalmar tana bakinta, 'yar ƙarama, mai sauƙi.

"Har su, Adda."

Kaza ta zo ta leƙa ƙwaryar nono, babu wanda ya kore ta sai Tani da ta yi mata tsawa da ido. Can Adda ta ce, ba tare da ta buɗe fuska ba:

"Goge shi."

"Haba Safiyatu," Tani ta fara, "shekara guda fa ta yarinyar..."

"Bar ta, Tani."

Radiyya ce ta faɗa. Ta juyo da laftof ɗin. Kun san Adda ba ta san gaban kwamfuta da bayanta ba. Da Radiyya ta danna kowane maɓalli ta ce "na goge", magana ta ƙare. Ta zaɓi fayil ɗin, ta goge. Ta shiga kwandon da gogaggun abubuwa ke taruwa, ta zubar. Ta ciro ɗan katin rikodar ta sa, ta nemo asalin, nan yatsanta ya tsaya.

Wallahi ba digirin ne ya tsayar da ita ba. Digiri ana yin sa baɗi. Sunanta ne, sau uku, a bakin uwarta, kuma duk duniya nan kaɗai yake. Jiya sau ɗaya ta saurara, tana cewa ta adana daɗin sai ta natsu.

Ta danna.

"Na goge, Adda. Duka."

Mayafin ya ɗan buɗe ta gefen Tani.

"Inna, da gaske ta goge?"

"Ni mi nis sani ga wanga abu? Amma dibi huskarta, ke gani."

Karon farko a iya sanin Radiyya, idon Adda ya sauka a kanta kai tsaye. Bai daɗe ba, ƙiftawa biyu ya kauce. Radiyya ta sunkuyar da kai ta shiga naɗe wayoyinta tana turawa a jaka. Ba ta ji haushi ba, ko kaɗan. Ta zo da tambayar da ta fi ta Malam Muntaka girma, kuma ta samu amsarta tun jiya.

"Tani, mu tashi kada motar komawa ta cika."

"Ke."

Radiyya ta tsaya.

"Baɗin da anka ce. Shekara guda cur?"

"E, Adda."

"Ki sake bin hanyar nan, tahiya da dawowa, shekara guda?"

"Ba komi. Allah zai tsare."

Adda ta miƙe. Ta ɗingisa zuwa ɗaki, ta fito da kujeru biyu 'yan tsugune. Ta ajiye ɗaya tana kallon gabas, ta ajiye ɗayar tana kallon yamma, bayansu a haɗe. Ta gyara, ta sake gyarawa.

"Inna, ki ɗan ba mu wuri."

"Ni? Ni da nir rene ta? Yau ni aka kora?"

"Inna, don Allah."

"To, na hita. Amma ku sani zanan gidan nan huda gare shi." Ta ja sandarta tana gunaguni, tana share ido da bayan hannu a ɓoye.

Adda ta zauna a kujerar gabas, ta ɗauki ɗan ƙoƙon ta riƙe a cinya da hannu biyu.

"Aza abin naki. Huskata ban yarda ba. Hannuna da ƙoƙo, su za ki ɗauka."

"Adda, ba dole..."

"Waccan maganar sata ta, ko ba ki yi niyya ba. Ɗiyata ba ta cin jarrabawa da kayan sata. Wagga ni za ni ba ki da hannuna. Yi maza kahin in canza."

Ɗiyata. Radiyya ta ji kalmar har tafin ƙafarta, amma ba ta yarda ta tsaya a kanta ba, kada Adda ta tsorata. Ta kafa ƙafafun kyamara, ta saita ta a kan hannayen da ƙoƙon, ta duba haske. Saura ɗan makirufo da ake maƙalawa a wuyan riga. Wancan karon Zahra'u ce ta maƙala wa Adda. Yau babu Zahra'u.

Ta durƙusa gaban uwarta. Yatsunta suka taɓa wuyan rigar, suka taɓa fata. Ƙanshin nono da hayaƙin itace ya cika mata hanci, wani ƙanshi da jikinta ya sani tun kafin ta san sunan komai. Sau uku abin yana suɓucewa. Adda tana kallon rufin rumfa kamar an rubuta wani abu a can, amma ta ɗan ɗaga haɓa don ta sauƙaƙa mata.

Radiyya ta zagaya ta zauna a kujerar yamma, rikoda a cinya, abin sauraro a kunne. Bayanta ya jingina da bayan Adda. Da ɗumi. Tana jin bugun zuciyar matar ta cikin ƙashin bayanta, yana sauri fiye da nata.

Ta danna. Jar fitila ta kama.

"Ki fara da sunanki da garinku," ta ce, da muryar aiki, yadda aka koya mata.

"Sunana Safiyatu. Mutumiyar Gatawa. Ina saida nono." Ta tsaya. "Ɗiya biyu gare ni. Ƙaramar Zahra'u. Babbar..."

Shiru. Irin shirun nan na ɗakin Adda, wanda yanzu Radiyya ta san ba fanko ba ne. Ta ji bayan ya cika da iska, ya sauke, ya sake cika. Ƙoƙon ya yi 'yar ƙara a tsakanin yatsu.

"Radiyya."

Ba wa kujera ta faɗa ba. Ta ɗan juyo da kai ta gefen kafaɗa, daidai kunnen mai sunan.

Radiyya ta buɗe baki ta amsa, sai ta tarar ba ta san yadda ake amsa wannan kiran ba. Malamai sun kira ta, ƙawaye sun kira ta, Tani ta kira ta da zagi da wasa, duk tana da "na'am" ɗinsu. Na wannan ba ta taɓa tanada ba. Hawaye kawai ke sauka a kan rikodar tana gogewa da babban yatsa.

"Ke," in ji Adda a tsorace, da raɗa. "Ya kama?"

Radiyya ta duba. Jar fitila tana ci. Layukan sauti sun yi tsalle sun sauka daidai inda ake so, ba hayaniya, ba iska. A shekara huɗu ba ta taɓa ɗaukar sauti mai tsabtar wannan ba.



"Bai kama ba, Adda. Ki sake."

Daga bayan zana aka ji tarin tsohuwa, irin tarin da ba na mura ba.

Bayan Adda ya tsaya cak. Ta san wannan dabarar, ai ita ta ƙirƙiro ta, da ita take sa Zahra'u ta sake kunna mata waya. Radiyya ta runtse ido, ta riƙe numfashi, tana jira a ce mata maƙaryaciya.

Sai ta ji kan Adda ya kwanto a hankali ya jingina da nata, bayan nan mai ɗumi ya sake cika da iska.